Kujerar Jirgi Ba a Taya Ta

Mahaifiyata ba ta taɓa sayen abu a kuɗin da aka fara faɗa mata ba. Inna muke kiranta. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ce, a wani ƙauye da ke gefen Ajingi. Tun da mahaifinmu ya rasu ta fara zuwa kasuwa da kanta, ni kuma ina biye da ita da kwando. In mai kaya ya sa suna, sai ta yi 'yar dariya ta taya da rabi. Ya ce, "Albarka." Ta ƙara kaɗan, ya sake cewa albarka. Daga nan sai ta gyara mayafinta ta juya baya. Ba ta yin nisa ake kiranta: "Dawo, Iya, kawo kuɗin. Na sallama."

In ita ce mai sayarwa, kalmomin nan biyu ne a bakinta. Albarka tana nufin kuɗin bai kai ba. In kuwa ta ce ta sallama, abu ya bar hannunta ke nan. Ko wani ya zo nan take da kuɗin da ya fi, ba ta waiwaye.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana. "Kai" take ce mini, ko ta yi gyaran murya in juyo. Ƙanena kuwa, autanmu, da shi take hira, da shi take dariya, shi take zagi da wasa. Ni ina aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Gaya. Auta ya tafi Legas, wadda Inna har yau Ikko take ce mata, yana sayar da kayan gwari a wata babbar kasuwa.

Da kaka ne, ana cikin cirar gyaɗa, abokinsa da suke ɗaki ɗaya ya kira ni. Ya ce ciwon ciki ya kayar da Auta, an kai shi asibiti, har an yi masa aiki. Ya ce da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa tun da ya farfaɗo Inna yake tambaya.

Na hau babur na tafi ƙauye a ranar. Na same ta tana tsince gyaɗa a tsakar gida. Na faɗa mata a hankali, na fara da sauƙin. Ta ajiye faifai ta ce, "Za ni."

Ba ta iya zuwa a mota. Shekarun da ta yi tana murza tunkuza sun ci mata baya da ƙugu. Daga Ajingi zuwa Kano ma, in ta sauka sai an riƙe ta kafin ta miƙe. Tafiyar Legas kuwa wuni ce da kwana a zaune. Jirgi kaɗai ya rage, kuma ba ta taɓa ko ganinsa a ƙasa ba, sai in tafi tare da ita.

A ƙauyenmu sabis ba ya shiga ɗaki. Akwai wata darbejiya a bakin makarantar firamare, nan ake zuwa in ana son waya ta yi aiki. Na ɗauko mata kujera 'yar tsugunno muka je. Na buɗe shafin da ake sayen tikiti, na sa Kano, na sa Legas, na sa mutum biyu. Kuɗi ya fito. Na duba abin da ke asusuna, ita ma ta faɗi abin da take da shi. Ya isa kujera biyu na zuwa, ba ragowar komai. Na ce dawowa Allah zai kawo.

Ta ce, "Wannan sunan da suka sa ke nan?"

Na ce, "Shi ne kuɗin, Inna."

"To taya."

"Ba a tayawa."

Ta dube ni kamar na ce mata ba a sa gishiri a miya. "Akwai abin sayarwa a duniya da ba a tayawa? Wa ke da shagon?"

"Babu kowa. Na'ura ce."

"Na'urar ai da mai ita. Rufe. In ya ga mun juya baya zai sauko."

Kafin in amsa sai kira ya shigo, Auta ne da wayar abokinsa. Muryarsa ta yi ƙasa, amma bakinsa na nan.

Ya ce, "Yaya, wai da gaske tsohuwa za ta hau jirgi? Ka ɗaure ta da kyau fa. Kada a zo saitin Lakwaja ta ce a tsaya za ta sayi doya."

Inna ta karɓe wayar. "Ja'iri. An farke maka ciki ma ba ka yi shiru ba?"

"Ki taho da ƙuli, ki sayar wa matuƙin. Amma kada ki ba shi bashi, ba a kama su."

Ta yi dariya har da share ido. Ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce sun hana shi, sai ruwan da suke ɗura masa. Ya ce kada mu tayar da hankali, mu zo a tsanake.

Da muka gama ta ce, "Ka ji shi ai. Rufe, mu ga gobe."

Na rufe. Ni ma a raina na ga ba laifi. Jirgi ne, in an tashi bayan walaha kafin azahar an sauka. Kusancin nan da jirgi ya sa muka gani shi ya sa muka ga kamar muna da lokaci.

Washegari a ofis na buɗe. Kuɗin ya hau. Ba hawa mai yawa ba, amma ya wuce abin da muke da shi. Na ɗauka kuskure na yi, na fita na sake shiga. A ƙarƙashin kuɗin an rubuta da jan rubutu cewa kujeru kaɗan suka rage a wannan farashi.

Wanda teburinsa ke kusa da nawa ya taɓa zuwa Umara, shi ne masanin jirgi a ofishinmu. Ya leƙo ya ce, "Malam, ai wayarka ce ta tona maka asiri. Ka shiga jiya, ka shiga yau. Sun gane kana so. Kai ko akuya kake taya wa, in ka dawo sau biyu ai mai ita ya ga idonka."

Muka gwada da tasa wayar. Kuɗin ɗaya ne. Sai ya sauya magana. Ya ce kujerun jirgi kasa su ake yi kashi-kashi, kamar yadda mai tumatir ke kasa kayansa. Kujera iri ɗaya ce, amma akwai kashin araha, akwai na tsakiya, akwai na tsada. In na arahar ya ƙare sai a buɗe na gaba. Kuma duk sanda ranar tashi ta matso, sai a rufe na ƙasa ko da bai ƙare ba. Wani ya ce in gwada da sassafe. Wani ya ce tsakiyar mako ya fi. Mai share ofis ma ta ce ɗan 'yarta ya ce a goge komai a waya a sake shiga. Duk na yi. Wani lokaci ya ɗan sauka, in yi murna, kafin in kai ƙauye in gaya wa Inna ya koma sama. Har yau ban san wanne ne gaskiya a cikin maganganun nan ba.

Da na gaya mata zancen tumatir sai fuskarta ta saki. Ta ce, "Yauwa. To ai shi ke nan. Mai tumatir in yamma ta yi karya kuɗi yake, don ba ya kwana. Kujerar da jirgi ya tashi da ita ba kowa, ai ta ruɓe. Bari ranar ta matso ka gani, da kansu za su neme mu."

Maganarta ta shige ni, don ban ga inda ta karkace ba. A duk kasuwar da na sani haka abin yake. Abin da ba mu sani ba shi ne, su masu jirgi sun san wanda ke zuwa a ƙurarren lokaci. Ba mai yawon buɗe ido ba ne. Wanda ba shi da zaɓi ne.

Albashi sai ƙarshen wata. Abin da za mu iya sayarwa gyaɗar Inna ce, buhunan da ta tanada don aikin shekara. Kasuwar Ajingi kuwa sau ɗaya take ci a mako, kuma ta riga ta ci kafin labarin ya zo. Wani dillali ya ji, ya zo har gida ya taya da wulaƙanci. Inna ta ce albarka, ta juya masa baya. Muka zauna jiran ranar kasuwa.

Kwanakin nan ba na son tuna su. Da safe in tafi Gaya, in zauna a tebur, takardu a gabana, idona a waya. Da yamma in dawo ƙauye mu tafi gindin darbejiya. Mutane suka saba ganinmu. Masu wucewa daga gona su ce, "Iya, ya mai jiki?" Ta ce da sauƙi. Su ce, "Ya jirgi?" Ta ce yana nan yana taurin kai. Ta haɗa kayanta tun ranar farko: zannuwa, carbi, ƙullin ƙuli-ƙuli, da kwalbar zuma da ta ce tana warkar da ɗinki. Jakar tana bakin ƙofar ɗakinta, kowa ya shiga sai ya tsallake ta.

Auta ya rage magana. In an ba shi waya sai ya ce, "Inna, kin taho?" Ta ce, "Ina hanya, ɗan nema." Ba ya ƙara tsokanarta. Abokinsa ya ja ni gefe a waya ya ce zazzaɓi ya shiga, wurin ɗinkin yana ruwa.

Na ce wa Inna bari ni in yi gaba a mota. Ta ce in na tafi wa zai latsa mata wannan abin. Gaskiya ce. Duk ƙauyen ba wanda zan bar wa katin bankina da wayata. Na zauna.

Wata yamma da kuɗin ya sake hawa, ta ce, "Kai, ka gaya musu kuwa jinya ce?"

"Babu inda zan rubuta, Inna."

"Duba dai."

Na juya mata wayar, ko da yake ba ta karatun boko. Na nuna mata gurbin suna, gurbin ranar haihuwa, gurbin lambar waya. Na ce iyakarsu ke nan.

"Ba su tambayar abin da zai kai mutum?"

"Ba su tambaya."

Ta ce, "Ikon Allah. Mu in mutum ya zo sayen mai ya ce na mai jego ne, har ƙari muke yi masa. Ai ko mai sayar da likka..." Sai ta kama bakinta. Ta ce a'uzubillahi, ta tofa gefe. Muka tashi muka koma gida.

Ranar kasuwa muka ɗora buhuna a amalanke. Kaka ce, kowa ya kawo gyaɗa, ta yi arha kamar a roƙi mutum ya ɗauka. Inna ta zauna a kan buhu tun hantsi tana cewa albarka. Ni ina tsaye a bayanta ina duba waya a ɓoye. Gyaɗa tana sauka a gabanta, kujera tana hawa a hannuna. Da la'asar ta gabato ta dubi wani mai saye da ta kora da safe, ta ce, "Zo ka auna. Na sallama." Kuɗin bai kai na dillalin da ya zo gida ba.

Na kai kuɗin wurin masu tura kuɗi a bakin kasuwa, suka zuba mini a asusu. A nan gefen rumfarsu na tsuguna na buɗe shafin. Da abin da muka tara, kujera biyu ta yiwu, da kyar. Na cika sunanta, na cika nawa, na sa lambar kati. Aka ce banki zai turo mini wasu lambobi in shigar, kuma akwai ɗan agogo a sama yana ƙirga lokacin da aka riƙe mini kujerun. Ranar kasuwa ce, kowa na kan waya, sabis ya cushe. Na ɗaga wayar sama. Na fita bayan rumfuna. Na hau kan wani tudun ƙasa kusa da masu awaki. Saƙon bai shigo ba sai da agogon ya ƙare.

Na sake shiga. An ce wancan farashin babu shi.

Na daɗe a kan tudun nan kafin in koma wurinta. Ta ga fuskata ta ce, "Faɗi."

Na karanta mata yadda abin yake jere. Gobe, kuɗinmu ko kujera ɗaya ba ya saye. Jibi ma haka, saura kaɗan. Gata yana sayen ɗaya. In kuwa za mu jira mako biyu ko uku, yana sayen biyu har da canji.

Ta ce, "Wato arahar tana wurin wanda ba ya sauri."

Na ce haka ne.

Muka yanke shawara a tsaye, masu kwashe kaya suna ture mu. Za a saya mata kujerar gata. Ni in bi motar gobe, in kwana a hanya, in isa jibi, in tare ta a filin jirgi. Ƙanenta, kawunmu, zai kai ta Kano ya danƙa ta a hannun ma'aikata. Na faɗa mata kuɗin kujera ɗayar. Ya kusa abin da aka nema a hannunmu na mutum biyu ranar farko. Na jira ta yi dariyar nan tata.

Ta ce, "Saya."

Wannan karon saƙon banki ya shigo nan da nan.

Na kira abokin Auta na ce ya kara masa waya a kunne. Inna ta ce, "Auta, an yanki tikiti. Gata ina nan." Can ƙasa muka ji ya ce, "Nawa kika taya?" Ta ce, "Ubanka na taya." Ya yi wani sauti da na ɗauka dariya ce.

Washegari na shiga mota a Kano. Ta ba ni kwalbar zumar ta ce in fara kai masa, ƙulin ita za ta kawo da hannunta. Muka wuni muna tafiya, muka kwana muna tafiya. Gari ya waye mana a ƙasar Yarbawa. Da hantsi muka shiga cunkoso, wata babbar mota ta faɗi ta tare hanya. Ba gaba, ba baya. Ina zaune a tsakiya, buhun wani a kan ƙafata, zumar a cinyata, sai wayata ta yi ƙara.

Abokinsa ne. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kusa da ni ya ji, ya maimaita, sai duk motar ta ɗauka. Wata mata a baya ta miƙo mini ruwa. Ban iya ko fita in tsaya da ƙafata ba, ƙofar tana can, mutane da kaya sun tare.

Bayan ɗan lokaci ya sake kira. Ya ce dattawan unguwarsu sun taru. Sun ji cewa mahaifiyarsa tana da tikitin gobe. Asibitin suna da wurin ajiya mai sanyi. In ana so, za a iya barinsa zuwa goben ta zo ta gan shi, in ba haka ba za a yi masa sutura bayan la'asar. Sun ce ba su yanke ba, maganar tamu ce.

Na kira kawu tukuna, na gaya masa, na ce ya je gidan ya kai ta gindin darbejiya, ya tafi da matarsa. Na jira. Motar ba ta motsa ba. Masu tallan burodi suna ta buga gilashi.

Da ya kira, ya riga ya faɗa mata. Na ji numfashinta kafin muryarta.

Ta ce, "Kai ne?"

"Ni ne, Inna."

"Ka isa?"

"Ban isa ba. Muna hanya."

Na gaya mata saƙon dattawan yadda aka ba ni. Na ce kujerarta tana nan, an biya, ba abin da zai ƙara hawa. Na ce in ta ce a jira, za a jira. A raina ina so ta ce a jira. Duk abin da muka yi, don ta ga fuskarsa ne.

Ina jin kukan matar kawu, da hayaniyar yaran makaranta an tashe su tara.

Ta ce, "A cikin sanyi za su sa shi?"

"Eh."

"Shi da ko da bazara sai ya rufa."



Ta ce, "Ba a sa mamaci jiran mai rai. Mai shi ya karɓi abinsa. Ka ce su kai shi." Sannan ta ce, "Na sallama."

Sai ta ƙara da cewa ni ma in na isa, to. In ban isa ba kada su jira ni.

Na isa ana daidaita sahu. Ban ga fuskarsa ba, an riga an rufe. Na sa hannu a makara, na zuba ƙasa. Zumar na bar wa abokinsa.

Inna ba ta hau jirgin ba. Kawu ya ce ta je ko kabarin ta gani, ta ce a'a, mutane za su zo gaisuwa su tarar ba ta nan. Da na dawo na nemi a mayar mana da kuɗin, aka ce irin kujerar da muka saya ba a mayarwa, sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na gaya mata. Ta ce in bar shi. Ƙulin da ta ƙulla aka raba wa masu zaman makoki.

Shafin nan bai manta da ni ba. Lokaci-lokaci saƙo yana shigowa wayata, wai farashin Kano zuwa Legas ya sauka, in yi sauri kafin ya ƙare. Abokin aikina ya ce akwai inda ake latsawa a daina turowa. Ya nuna mini. Ban latsa ba tukuna.

Bayan arba'in Inna ta koma kasuwa, don dole ta sayi gyaɗar da za ta yi aiki da ita, tunda tata ta tafi. Na raka ta. Mai gyaɗa ya sa suna, ta taya da rabi kamar kullum. Ya ce albarka. Ta ƙara, ya ce albarka. Na ga ta kai hannu ta gyara mayafi, na matsa gefe don in ba ta hanya.

Ba ta juya ba. Ta tsaya a gabansa, hannunta a kan buhun, tana ƙarawa kaɗan-kaɗan har suka daidaita. Haka take ciniki har yau.